Idan Rana Ta Ƙona Fata, Ƙaiƙayi Ya Biyo Baya

Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara a ƙasar Illela kan haura digiri 40. Mai noman rani a bakin tafkin Kalmalo, da ɗan kabu-kabun da ke kai-komo tsakanin Illela da Ƙonni, da yarinya mai talla, duk a rana suke wuni. Ana cewa baƙar fata ba ta ƙuna. Tana ƙuna mana, jan ne kawai ba ya fitowa fili. Ƙeya da kafaɗu su ɗauki raɗaɗi, bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi ya taso, daga nan fata ta soma saɓa.

1. A fara da sanyaya wurin. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, a ɗora na minti 10 zuwa 15, a maimaita duk sa'ad da ƙaiƙayin ya motsa. Kada a ɗora ƙanƙara tsirararta a kan fata.

2. Wajen wanka a ajiye soso da sabulu mai ƙarfi. A daddanna jiki da tawul, ban da gurzawa.

3. A tantance ƙunar rana ce ko ƙurajen zafi, don nan ne iyaye mata suka fi ruɗewa. Ƙunar rana tana inda rana ta doka: fuska, ƙeya, dantse. Fatar ta bushe, ta ɗaure. Ita wannan mai take so. Bayan zafin wurin ya huce, a shafa man kaɗanya kaɗan tun jiki na da danshi, ko ruwan cikin ganyen alobera. Ƙurajen zafi kuwa ƙanana ne birjik, suna fitowa inda riga ta rufe kuma zufa ke taruwa, kamar baya da hammata da wuyan jariri. Hanyar zufa ce ta toshe, don haka lafta musu mai ƙara su yake yi. Iska suke so, da wanka, da riga marar nauyi.

4. Susa na da daɗi, amma ita ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. A yanke wa yara farce, a koya musu danna wurin da tafin hannu. In ya yi bororo kada a fasa, saɓar ma a bar ta ta zube da kanta.

5. Man goge baki, man zafi, toka, lemun tsami, fetur: ko ɗaya kada ya taɓa wurin.

6. A kemis akwai ruwan kalamin na shafawa, da farasitamol don raɗaɗi. Piriton na rage ƙaiƙayin dare, sai dai yana sa barci. Wanda zai hau babur ko ya ja mota kada ya sha. Na yara kuwa, a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

7. A yawaita shan ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono za a ƙara masa, a kuma tsare shi a inuwa.

8. Gidan da Allah ya ba zabiya, wannan magana tasu ce fiye da kowa. Fatar zabiya ba ta da sinadarin da ke tare rana, kuma ƙuna a kan ƙuna ita ke kai wa ga sankarar fata. Haƙƙin yaron ne a sama masa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, a ɗauke masa aike da talla daga hantsi zuwa la'asar. Gyambon da ya ƙi warkewa a jikinsa a kai shi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Masu shafa man bilicin su ma rana ta fi yi musu illa.

9. In bororo ya mamaye jiki, ko wurin ya fara mugunya, ko aka ga zazzaɓi, amai, jiri ko sambatu, a garzaya babban asibitin Illela. Zazzaɓi da sandarewar wuya a bazara na iya zama sanƙarau, kuma ba a kwana da shi a gida.