Ɗalibin Likita, Tabar Lantarki Da Na'urar Duban Ciki

  

Ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan karo a kan na'urori biyu ne, dukkansu da lantarki suke aiki, dukkansu kuma ana iya samunsu a hannun mutum guda, wato ɗalibin likita. Ta farko ita ce tabar lantarki. Ta biyu ita ce na'urar duban ciki, wadda mata ke kira sikanin. Kada wanda ba ya karatun likita ya ce babu ruwansa, domin ɗalibin nan shi ne gobe zai duba iyalinka, kuma kai ne za ka ba ta izni da kuɗin mota ta je awo, ko ka hana.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, shi ya ƙera tabar lantarki irin ta yau a shekarar 2003. Shi kansa mashayin sigari ne mai neman hanyar bari, kuma sankarar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Abin da ke cikinta uku ne: batir, da 'yar waya mai yin zafi, da wani ruwa. A cikin ruwan akwai giliserin, da wani sinadari mai suna firofilin gilaikol, da kayan ƙamshi na mangwaro ko na'ana'a ko alawa, sannan uwa uba nikotin, wato sinadarin da ke kama mai shan taba ya kasa bari. In ka zuƙa sai wayar ta dafa ruwan ya tashi kamar hayaƙi. Masu cewa "ai tururin ruwa ne kawai" ba su faɗi gaskiya ba. Kamfanin Juul, wanda ya fito da tasa a Amurka a 2015, shi da kansa ya ce ɗan kwansonsa guda yana ɗauke da nikotin kamar na kwalin sigari mai kara 20.

To, mu yi adalci, don addini bai yarda a yi wa ko abokin gaba ƙarya ba. Da yake ba a ƙona ganye a cikinta, babu baƙin danƙon nan da sigari ke shafe huhu da shi. Shi ya sa hukumomin lafiya na Ingila ke cewa wanda sigari ta riga ta kama, in ya koma ta lantarki gaba ɗaya ya rage wa kansa illa, kuma bincike ya nuna tana taimaka wa wasu su bar sigarin. Amma su ɗin dai suna cewa wanda bai taɓa shan taba ba kada ya fara. Ka ga ke nan maganar ta mai fita daga rami ce, ba ta wanda ke tsaye a tudu ba. Ita Ingilar ma ta hana sayar da irin wadda ake zuƙa a yar tun 1 ga Yuni, 2025, Indiya kuwa ta hana ta dungurungum a 2019. A wannan shekara ta 2019 wani ciwon huhu ya ɓarke tsakanin masu zuƙarta a Amurka. Zuwa Fabrairun 2020 an ƙirga mutum kamar 2,800 da aka kwantar, 68 suka mutu. An gano mafi yawansu ruwan bayan fage ne mai haɗe da wiwi suka zuƙa, wanda aka cakuɗa da wani mai na bitamin E. Tambaya a nan ita ce, kai da ka sayi kwalba a kasuwa, wa ya auna maka abin da ke ciki?

An yi bincike a jami'o'in Saudiyya da Poland da Amurka, an tarar ɗaliban likita ma suna zuƙarta, wasu har suna haɗa ta da sigari. Dalilansu su ne na kowane saurayi: abokai, da daɗin ƙamshi, da son gwadawa, da zaton ba ta da illa. Ga kuma karatun dare da fargabar jarrabawa. Alhali ɗalibin nan ya karanta da idonsa cewa nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, yana matse jijiyoyin jini, yana ƙara bugun zuciya, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Natsuwar da yake ji in ya zuƙa, yawancinta ƙishirwar da nikotin ɗin ya haddasa ce ta lafa na ɗan lokaci.

Ku saurari wani tarihi. A 1950 wasu masana biyu a Landan, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fitar da binciken da ya alaƙanta sigari da sankarar huhu. Mutane da yawa ba su yarda ba. Sai a 1951 suka rubuta wa likitocin Birtaniya takarda suna tambayarsu ko suna shan taba, kamar 40,000 suka amsa, aka yi ta bin rayuwar mazan cikinsu har shekara 50. Sakamakon da ya fito a 2004 shi ne, mai shan sigari yana asarar kamar shekara 10 na rayuwarsa in an kwatanta da wanda ba ya sha. Shi Doll tun yana tsakiyar binciken farko ya jefar da tasa tabar. Abin lura, da gawar likitoci aka kafa wannan hujja, kuma sai da aka yi shekaru masu yawa ana zuƙa kafin ɓarnar ta bayyana. Tabar lantarki kuwa yanzu ta ɗan haura shekara 20 a duniya. Wanda ya fara ta yau, da huhunsa ake gwajin.

Hukuncinta fa? Majalisar Fatawa ta ƙasar Maleshiya ta haramta ta a 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ma ta haramta ta a 2020. Hujjojin sanannu ne: hanin jefa kai ga halaka a Baƙara aya ta 195, da hanin almubazzaranci a Isra'i aya ta 26 da 27, da ƙa'idar hana cuta da cutarwa da ta zo a Muwaɗɗa da Ibnu Majah. Ni abin da na fi ji wa ɗalibin likita tsoro shi ne Suratus Saff aya ta 2 da 3, inda aka zargi mai faɗin abin da ba ya aikatawa. An lura likita mai shan taba ya fi jin nauyin ce wa mara lafiya ya bari. Ashe cutar ba ta tsaya a ƙirjinsa ba, ta shafi duk wanda zai zauna a gabansa.

Yanzu mu koma ga na'ura ta biyu. Sauti ne take turawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ya bugi abu ya dawo, kamar yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu, sai ta mai da amsa-kuwwar hoto. Wani likita a Gilasgo, Ian Donald, da abokan aikinsa suka wallafa aikinsu a kanta a 1958, kuma da na'urar duba tsagewar ƙarfe a masana'anta ya fara gwaji.

Mu a nan in an ce sikanin sai a ce "mace ce ko namiji?" Wannan shi ne mafi ƙanƙantar amfaninta. Tana nuna watannin ciki na gaskiya, da tagwaye, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da mabiyiyar da ta tare ƙofar mahaifa, wadda kan jawo zubar jini mai kisa in an ce sai an haihu a gida. Tana auna tsawon wuyan mahaifa, in ya gaza milimita 25 a tsakiyar ciki ana tsoron bakwaini. Tana kuma nuna jaririn da ba ya girma, kuma shan tabar uwa na cikin abubuwan da ke kawo haka, don nikotin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Hayaƙin sigarin miji a ɗaki ma yana rage nauyin jariri. Ɗalibin da ya ga wannan a allo da safe, da wane ido zai zuƙi nikotin kusa da amaryarsa da dare?

Mafi ban sha'awa shi ne batun hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Tushensa tun farkon ciki ne, in jijiyoyin da ke shayar da mabiyiya suka kasa buɗewa yadda ya kamata. Tsakanin mako na 11 da na 14 ana iya auna gudun jini a jijiyoyin mahaifa, a haɗa da awon jini da tarihin matar, a ware waɗanda ake ji wa tsoro. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, an ba irin waɗannan mata asfirin miligiram 150 kullum har mako na 36, sai nau'in ciwon da ke sa a haihu kafin lokaci ya ragu da kashi 62 cikin 100. Amma kul wani ya je kemis ya sayo wa matarsa, likita ne ke rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a yi sikanin sau ɗaya kafin mako na 24, da zuwa awo sau 8. Ƙididdigarta ta 2023 kuwa ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya, a Najeriya suke.

Wani zai ce, "Malam, wannan ba shiga gaibu ba ne? Ba ga ƙarshen Suratu Luƙman ba?" Amsa: duba abin da Ibnu Kasir ya yi bayani a ayar, cewa in Allah ya riga ya umarta a halicci abin da ke ciki namiji ko mace, mala'ikun da aka wakilta suna sani, da wanda Ya so cikin bayinsa. Na'ura tana ganin abin da ya riga ya samu ne a bayan fata. Arzikin yaron da ajalinsa da aikinsa da makomarsa, waɗanda hadisin Ibnu Mas'ud ya ambata, babu allon da zai nuna su. Hasashen likita kamar na manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya. Mafi yawan matan da awon ya ware ma ba sa kamuwa, wasu kuma da bai ware ba su kamu. Wannan riƙo da sababi ne, ya sha bamban da boka mai buga ƙasa.

Tun da awon ba ya kama kowa, dole maigida ya san alamomin da kansa. In mai ciki ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki ta ƙasan haƙarƙari, ko fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya, ko ta ga jini, to a daren nan za a tafi asibiti, ba a jiran gari ya waye. In kuwa jijjiga ta kama ta, kada a ce iska ce a tsaya turare. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a tura mata cokali ko ruwa a baki, a nemi mota. Akwai allurar magniziyam salfet da ake yi don tsayar da ita, kuma a asibiti ake yin ta.