Asabiyya: Darasi Daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, kalmar da za mu duba a wannan mako ita ce asabiyya. Asalinta a Larabci daga asaba ne, watau dangin mutum na wajen uba, masu tsaya masa ran tsanani. Ibn Khaldun ya nuna cewa da ita ake kafa daula. Amma idan ta kai mutum ga goyon bayan nasa a kan zalunci, to, ta zama ta jahiliyya. A yaƙin Banu Musɗalik wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka yi faɗa, kowa ya kira mutanensa, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana wannan kira, ya siffanta shi da ɗoyi. Dubi, faɗan mutum biyu ne, kiran ne ya so ya mai da shi na jama'a biyu.

Haka ta faru a kudancin Katsina. Bahaushe manomi da Bafillace makiyayi sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna bin liman ɗaya. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, a ba da nono a karɓi hatsi. In an yi ɓarna, ardo da dagaci su zauna su yanke diyya.

Turawa da suka ci ƙasar a 1903 sun rubuta mutane ƙabila-ƙabila, manomi na biyan haraji, makiyayi na biyan jangali. Bayan samun mulkin kai aka yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonaki suka cinye burtali da mashaya. Da aka soke jangali a shekarun 1970, a ganina, har da 'yar igiyar da ta haɗa ruga da hukuma aka tsinke. Makiyayi ya riƙa kukan ana tatsarsa a wajen shari'a, manomi yana kukan an cinye masa gona ba wanda ya biya. Sa'an nan ɓarayin shanu suka shigo da bindigogi, kuma Fulani na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu.

Daga nan ne sunan laifi ya koma sunan ƙabila. 'Yan sa-kai suka tashi kare garuruwa, abin da ba a zargin kowa a kansa, sai dai waɗansunsu sun riƙa kama Bafillace a kasuwa don kamanninsa kawai. 'Yan bindiga kuma su auka wa ƙauye duka, su kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi da su a 2019 bai ɗore ba. Ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

Hukuncin shari'a kuwa a fili yake. Aya ta 164 ta Suratul An'am ta tabbatar ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani. Mai fashi sunansa muharibi, ko wane harshe yake ji, kuma hukunta shi aikin hukuma ne bayan an tabbatar da hujja. Jinin ɗan'uwansa da bai yi kome ba haramun ne, ko a ruga yake ko a cikin gari.