Haɗa Zanen Ginshiƙai da Zanen Layi a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin labarin ƙasa a cikinmu ya ga irin wannan zane: ginshiƙai 12 a jere, kowane wata da nasa, ga kuma wani layi yana ratsa su. Ginshiƙan suna nuna yawan ruwan sama, layin kuwa yana nuna zafin gari. A da da fensir da rula muke zana shi, yanzu kuwa kwamfuta tana gama shi kafin a ƙirga goma. Sai dai kwamfuta ba ta bambanta gaskiya da kuskure. Abin da muka ba ta shi za ta zana.

Waɗannan zane-zane sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya buga zanen layi da zanen ginshiƙai a littafinsa na 1786, don nuna cinikin Ingila da Sikotilan. Shafin lissafi na kwamfuta kuwa sai a 1979 ya bazu, da fitowar VisiCalc. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan Excel a 1985.

Me ya sa za mu haɗa zane biyu wuri guda? Mu ɗauki birnin Kano. Ana auna ruwan sama da milimita, kuma a Agusta, watan da ya fi kowane ruwa, yakan kai wajen milimita 300. Zafin gari kuwa da digiri ake auna shi, kuma matsakaicinsa na wata yakan tsaya tsakanin digiri 20 da 32 duk shekara. In muka ɗora su a ma'auni ɗaya, layin zafi zai kwanta a ƙasa kamar igiya, har mai kallo ya zaci Janairu da Afrilu ɗaya suke. Alhali duk wanda ya sha sanyin hunturu da zafin bazara ya san ba haka ba ne. Saboda haka kowanne yana bukatar ma'auninsa: ruwa a hagu, zafi a dama.

Ga yadda muke yi a Excel. Na farko, mu rubuta sunayen watanni a layin tsaye na ɗaya, yawan ruwa a na biyu, zafi a na uku, kowanne da kansa a sama. Na biyu, mu zaɓi jadawalin duka, mu shiga Insert, mu danna Recommended Charts, sai All Charts, sannan Combo. Na uku, mu ba ruwa Clustered Column, mu ba zafi Line. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, mu sa alama a akwatin Secondary Axis da ke gaban zafi. Wannan zaɓi na Combo ya zo ne da Excel ta 2013. A tsofaffin da suka gabace ta, sai mu fara zana ginshiƙai duka, mu danna na zafi, mu sauya su zuwa layi. Masu aiki da LibreOffice Calc za su sami irinsa da sunan Column and Line.

Da zanen ya fito, labarin shekara ya bayyana. Layin zafi yana hawa daga Janairu har ya kai ƙololuwa wajen Afrilu, tun ruwa bai sauka ba. Da ginshiƙai suka miƙe a Yuli da Agusta, sai layin ya sauko, domin gizagizai sun tare rana. Ya ɗan ɗaga a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, sa'an nan ya faɗi da shigowar hunturu. Zane ɗaya kaɗai ba zai nuna mana wannan dangantaka ba.

Amma fa sai mun yi hattara, gama ma'auni biyu ƙofar ruɗu ce. Kwamfuta takan zaɓi farkon ma'auni da ƙarshensa da kanta. In ma'aunin ginshiƙai bai fara daga sifili ba, milimita 200 za ta iya yin kamar ta ninka 150 sau biyu. Haka kuma wurin da layi ya gitta kan ginshiƙi ba ya nufin kome, domin da mun sauya ma'aunin dama zai ƙaura.

Masana sun yi wa wannan magani. Jamusawa biyu, Heinrich Walter da Helmut Lieth, sun daidaita zanensu na yanayi yadda digiri 10 zai yi daidai da milimita 20. A wannan tsari, watan da ruwansa bai kai ninki biyu na zafinsa ba ana lissafa shi busasshe. Wato in zafi digiri 30 ne, ruwan da bai kai milimita 60 ba bai fitar da watan daga rani ba. Mu ma za mu iya ƙara layin tsaye na huɗu, mu ninka zafi sau biyu, mu gwada da ruwa. Wannan ba wasa ba ne ga ɗan manomi, gama wanda ya yi shuka da yayyafin farko ya san zafin asarar iri.

Kafin mu miƙa aikinmu ga malami, mu duba abu uku: ginshiƙai sun fara daga sifili, kowane ma'auni yana ɗauke da sunansa, milimita ko digiri, kuma kan zanen ya faɗi gari da shekarun da aka auna. Tun muna yara aka hore mu kada mu yi algus a mudu. Ma'aunin zane ma mudu ne, mu riƙe shi da gaskiya.