Ma'aikatanki Suna Nesa? Ga Yadda Za Ki Riƙe Ragamar Aiki

Tun 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle ofisoshi, aka gane cewa aiki yana tafiya ko da ba a zaune ake ɗaki ɗaya ba. Yanzu ga ki nan: mai zane yana Kaduna, mai lissafin kuɗi tana Yamai, mai kula da kwastomomi yana Accra, ke kuma kina Kano da waya a hannu. Na san abin da ke damunki, ƙanwata. Ba ki ganin kowa, sai zuciya ta dinga raya miki cewa barci suke yi. Ga abin da za ki fara gobe da safe.

1. Daina gadin wanda yake kan layi. Ganin mutum a WhatsApp ƙarfe 8 na safe ba shaida ba ce yana aiki. Ranar Litinin kowa ya rubuta abu uku da zai gama kafin Alhamis. Ranar Alhamis ki tambayi waɗannan ukun. Wanda ya kawo nasa cif, kada ki bincike shi ko da dare ya yi ko da rana.

2. A rubuta komai. Nan ne muka fi rauni, domin muna son saƙon murya. Sai ki ga saƙo na minti bakwai, uku daga ciki gaisuwa ce da tambayar gida, farashin kaya kuma yana can tsakiya a binne. Bayan mako biyu wa zai iya lalubo shi? Daga nan sai musu: "Ai na faɗa miki," "A'a, ba haka kika ce ba." Ba na cewa ki bar saƙon murya, yana da daɗi wajen bayani. Amma ki bi shi da layi ɗaya a rubuce: wa zai yi, me zai yi, yaushe zai kawo. Sannan ki ware wuri guda, Google Docs ko Trello, inda duk wata shawara da aka yanke za ta zauna.

3. Faɗi agogon da kike nufi. Yamai da N'Djamena lokacinsu ɗaya da Kano, amma Accra tana bayanki da awa 1, Jidda kuma tana gabanki da awa 2. Ki rubuta "ƙarfe 10 agogon Najeriya", kuma ki kauce wa lokacin sallar Juma'a.

4. Taro ya zama gajere. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, to ki mai da wannan iyakarki. Ki aika abin da za a tattauna tun da dare kafin ranar taron. A gaisa da kyamara a buɗe, sannan a kashe ta, domin bidiyo ne ke cinye data.

5. Data da wuta kayan aiki ne, kamar tebur da kujera a ofis. Ki ware kuɗin data daban da albashi, in da hali ki haɗa da fawa banki. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu: idan an ɗauke wuta ko netwok ya ƙi, mutum ya turo tes ko ya kira kafin lokacin miƙa aiki ya wuce, ba bayan kwana biyu ba.

6. Kada ki yi faɗa a guruf. Rubutu ba ya ɗauke da murmushi. "Ina aikin?" da kika rubuta cikin sauri, wanda ya karanta zai ji kamar tsawa, ga kuma abokan aikinsa suna kallo. Yabo ki yi shi a gaban kowa, ki ambaci suna da abin da aka yi. Gyara kuwa ki ɗaga waya ki kira mutum shi kaɗai.

7. Ki kira kowa minti goma a mako, ba don bin bashin aiki ba. Ki tambayi gida, sannan ki ce, "Me ke tare maka hanya?" Ki fi sa ido a kan mai shiru. A ofis za ki ga fuskarsa ki gane akwai damuwa, daga nesa kuwa sai dai ki wayi gari da takardar ajiye aiki. Shi za ki fara kira gobe.