Jijjigar Jariri da Ba Ta Jin Magani: A Tuna da Biotinidase

Jariri ya yi wata uku ko huɗu lafiya lau, sai jijjiga ta kama shi. Jikinsa ya saki, ƙuraje suka feso a gefen baki da idanu, gashi yana zubewa har da na gira. An ba shi maganin farfaɗiya, babu sauƙi. A gida kuwa an riga an ce iska ce. Cikin abin da ya kamata likita ya kawo a ransa akwai ƙarancin sinadarin biotinidase.

Biotin bitamin ne, wanda ake kira B7, jiki na buƙatarsa wajen sarrafa maiƙo da furotin da sitaci. Idan ya gama aiki, jiki ba ya zubar da shi. Biotinidase ke kwance shi daga inda ya maƙale don a sake amfani da shi, shi ne kuma ke ɓalle wanda ke ɗaure cikin abinci. Shi ya sa abinci, komai kyansa, ba ya wadatar da irin wannan yaro.

Umarnin ƙera sinadarin yana cikin ƙwayar gado mai suna BTD, a kan kuromosom na 3. An gano sauye-sauye fiye da 150 da ke ɓata ta. Idan aikin sinadarin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ciwon mai tsanani ne. Tsakanin 10 da 30 kuwa mai sauƙi ne, yakan ɓuya sai zazzaɓi ko wata rashin lafiya ta tono shi. Wani sauyi da ake kira D444H yana rage aikin da kusan rabi, shi ke bayan yawancin masu sauƙin.

Gadonsa irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kuma kowane ciki damar ɗaya ce cikin huɗu. Don haka a daina ɗora wa uwa laifi. A duniya kusan jariri 1 cikin 60,000 ake samu, amma ya fi haka a Turkiyya da Saudiyya, inda auren zumunci ya yawaita kamar a wajenmu.

Dakta Barry Wolf ya gano tushen cutar a 1983, a 1984 kuma jihar Virginia ta Amurka ta fara gwada jarirai da ɗigon jinin diddige. Inda ba a wannan gwaji, ku kai yaron wurin likitan yara a asibitin koyarwa, ku faɗa masa in ku dangi ne, ko in kun taɓa rasa yaro da irin wannan ciwo.

Maganin mai arha ne: biotin, yawanci miligiram 5 zuwa 10 kullum, bisa umarnin likita, har ƙarshen rayuwa. Jijjiga kan tsaya cikin kwanaki, fata ta warke, gashi ya tsiro. Amma ji ko gani da ya riga ya lalace da wuya ya dawo, saboda haka jinkiri ne abin tsoro. A gwada yayye da ƙanne ko da lafiyarsu ƙalau. A guji ɗanyen ƙwai, domin farinsa yana ƙulle biotin. Dafaffe ba laifi. Kafin gwajin jini kuma a sanar cewa yaron yana shan biotin, don yakan rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, kamar na maƙoƙo.