Kimiyyar Fatsa: Yadda Ake Haɗa Kayan Kamun Ƙananan Kifaye a Gida

Gabatarwa

Fatsa, wato kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya, ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin hanyoyin su. A madatsun ruwa irin su Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Tiga, wadda aka kammala a 1974, har zuwa tafkunan ƙauyuka, ƙananan kifaye kamar karfasa da kawara su ne suka fi faɗawa hannun mai fatsa. Kusan dukkan kayan kama su ana iya haɗa su a gida. Sai dai kayan ba su yin amfani sai an ƙera su bisa halittar kifin, wato girman bakinsa da irin abincinsa da yadda yake gane abin da ke kusa da shi.

Sanin Kifin

Karfasar da masana ke kira Oreochromis niloticus, idan ta girma, yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa, shi ya sa takan yi wuyar ɗaukar ƙugiya. Takwararta Coptodon zillii kuwa tana cin ganyayen ruwa, ta haɗa da tsutsotsi da ƙwari. Ita kuma kawara a saman ruwa take farauta, tana cafke fara da shinge da duk ƙwaron da ya faɗo. Dukkansu bakinsu ƙarami ne, saboda haka ƙaramar ƙugiya ce ta dace da su. A tsarin lambobin ƙugiya, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Lamba 10 zuwa 14 ta wadatar.

Sanda da Zare

Ana zaɓen busasshiyar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, mai siririn kai. Lanƙwasawar da kan gorar ke yi ita ke shanye fizgar kifi, ta hana zare tsinkewa. Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro sinadarinsa a 1935, ya fi na auduga, domin kifi ba ya saurin ganinsa. Amma hasken rana yana raunana shi, kuma kowane ƙulli yana rage masa ƙarfi. Don haka ana jiƙa ƙulli kafin a ja shi ya matse, sannan a ajiye zaren a inuwa.

Manuniya da Nauyi

Manuniya ita ce 'yar abar da ke yawo a saman ruwa, wadda nutsewarta ke shaida cewa kifi ya taɓa ƙugiya. Ana yin ta da totuwar karan dawa da aka shafe da kakin zuma don kada ta sha ruwa, ko da guntun tsohon silifa. A nan dokar Arkimidis ce ke aiki: ruwa yana ɗaga abu da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Tun da mililita 1 na ruwa nauyinsa giram 1 ne, manuniya mai girman mililita 3 ba za ta ɗauki fiye da giram 3 ba, har da nauyin kanta. Ana ƙara nauyi a zare kaɗan-kaɗan a cikin bokitin ruwa har sai kan manuniyar kawai ya rage a waje. Idan ta fi haka tasowa, ƙaramin kifi zai ji turjiya ya furzar da abincin.

Wasu kan narka dalmar tsohon batir don yin nauyi. Wannan ganganci ne, domin dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Ingila kuwa tun 1987 ta haramta yawancin ƙananan nauyayen dalma na fatsa, bayan an gano suna kashe tsuntsayen ruwan da ke haɗiye su. Ƙaramin noti na ƙarfe ko 'yar curin gasasshen yumɓu sun isa.

Ƙwaron Yaudara

Tana da fara da curin dusa abinci ne na gaske. Ƙwaron yaudara kuwa kwaikwayo ne. Ana naɗe baƙin zaren ɗinki a jikin ƙugiya ya zama gangar jiki, a ɗaura 'yan silin gashin zabo su zama ƙafafu da fukafukai. Idan aka ƙara ɗan fallen silifa a bayansa, zai yi yawo a sama kamar fara, ya ja hankalin kawara.

Kifi yana da wani layi a kowane gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, mai ɗauke da ƙwayoyin da ke jin motsin ruwa. Da shi yake gane ganima ko a cikin duhu. Saboda haka a ruwan damina mai laka, motsi ya fi launi tasiri. Ana yanko ɗan fallen gwangwani kamar farcen yatsa, a lanƙwasa shi kamar cokali, a huda, a rataya gaban ƙugiya. Yayin da ake jan zare, sai ya riƙa rawa yana ƙyalli. A ruwa mai tsabta kuma, jan launi ne ke fara dusashewa tun daga mitocin farko na zurfi, don haka baƙi da fari sun fi ja fitowa a ƙasa.

Kammalawa

Coptodon zillii takan yi sheƙa a bakin gaɓa, uwa da uba suna gadin ƙwai. Wanda ya fizge su daga nan ya bar ƙwan ga masu cinyewa. Haka nan kifin da bai isa haihuwa ba, kamata ya yi a jiƙa hannu a cire masa ƙugiya a mayar da shi. Tsinkakken zare kuma a tattara shi, domin nailan yakan daɗe bai ruɓe ba, yana sarƙe ƙafafun tsuntsaye. Mai fatsar da ya kiyaye waɗannan, shi zai dawo baɗi ya tarar da kifi a tafkin.