TARIHIN KWALEJIN BAREWA DA WASANNINTA

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, sau da yawa idan an kaɗa ƙararrawar fita fili da la'asar, sai ka ga wasu 'yan'uwana ɗalibai sun sulale sun ɓuya a aji. Haka kuma wasu iyayenmu a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura sukan ce, "Karatu muka aike ku, ba guje-guje ba." To, jama'a, bari mu duba tarihin wata tsohuwar makarantar gwamnati, mu gani ko wasa yana hana karatu.

An kafa wannan makaranta a birnin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuwa ya buɗe ta a 1922. A lokacin ana kiranta Kwalejin Katsina, babban aikinta shi ne horar da malaman makaranta domin lardunan Arewa. Ba kowa ke samun shiga ba, sai zaɓaɓɓu daga kowane lardi. A zamanin nan Kazaure tana cikin Lardin Kano, don haka yaron ƙasarmu da ya yi ƙwazo a elemantare sai ya wuce Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, daga can ne yake sa ran ci gaba.

A 1938 aka tashi makarantar zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 aka sake mayar da ita Zariya, inda take har yanzu, a 1971 kuma aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na Katsina yana nan, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Tun farko malaman wannan makaranta ba su raba karatu da motsa jiki ba. An kasa ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunan wani babban mutum, kamar Clifford da Ɗan Hausa da Nagwamatse da Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Gidajen nan su ne ke karawa da juna a ƙwallon ƙafa da hoki da kurket da tsere da tsalle-tsalle. Amma wasan da ya fi yin suna shi ne ƙwallon bango, wanda aka kawo daga makarantar Eton ta Ingila. Mutum huɗu ke yinsa, biyu nan biyu can, a cikin wani fili mai bango uku. Da tafin hannu ake bugun ƙwallon, a maka shi da bango, abokin karawa kuma ya mayar kafin ya taɓa ƙasa sau biyu. Wasa ne mai bukatar kaifin ido da zafin nama da fahimtar juna tsakanin abokai.

Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya kuwa shahara a wannan wasa. Ko da ya zama Firimiyan Jihar Arewa bai bar shi ba. Janar Yakubu Gowon ma, sa'ad da yake ɗalibi a Zariya, shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa, kuma gwani ne a dogon tsere da damben zamani. Bayan waɗannan, makarantar ta yaye Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Janar Murtala Muhammed da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shin wasa ya hana su zama abin da suka zama?

Abin lura a nan shi ne, fili ma aji ne. A nan yaro yake koyon bin doka ko da hukuncin alƙalin wasa bai yi masa daɗi ba. A nan yake koyon haƙuri in an cinye shi, da kama kai in ya yi nasara. Wanda ya saba da wannan tun yana ƙarami, ba zai ɗauki faɗuwa a jarrabawa ko a zaɓe abin tashin hankali ba. Ban da haka, lafiya uwar jiki ce; mai yawan ciwo ba ya jure zaman aji.

Ba na cewa a bar littafi a rungumi ƙwallo. Komai da lokacinsa. Kakanninmu ma sun yi langa da kokawa a dandali da dare, gari ya waye su ɗauki fartanya su nufi gona.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan ranar gasar gidaje ta zo, su daure su zo su gani da idonsu. Ku kuma 'yan'uwana, in ƙararrawa ta kaɗa, mu fito fili gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.